Ɗakin Kakannin da Ka Gina a Littafinka

Abokina, ƙanwarka ta karanta mini babi uku na littafin da kake rubutawa a waya. Yaƙin ya yi, dokin nan mai fukafukai ma ya burge ni. Amma da jaruminka ya shiga ɗakin da mutanen ƙasar da ka ƙaga suke girmama kakanninsu, sai na ce ta dakata. Ka ba ɗakin ginshiƙan zinariya dubu, da matakala har cikin gajimare, da fitilun da ba sa mutuwa. Duk da haka ban ji sunan mamaci ko ɗaya ba, ban ga mai shara ba, ban ga wanda ya zo da hawaye ba. Fada ka gina, ba kowa a ciki.

A Kampala ta ƙasar Uganda akwai tudun Kasubi. Sarkin Buganda Mutesa na ɗaya ya gina fada a can a 1882, da ya rasu a 1884 aka binne shi a cikinta, daga baya aka ƙara uku daga magadansa. Ginin itace ne da jinkar ciyawa. A ciki an rataya labule na tufar ɓawon itace, abin da ke bayansa kuwa daji mutanen Buganda suke ce masa, domin a wurinsu sarki ba ya mutuwa, daji yake shiga. Mata ne ke zaune a ɗakunan da ke kewaye da filin, suna tsaye a madadin matan sarakunan, su ke kula da wurin. Da gobara ta cinye ginin a watan Maris na 2010, mutane suka yi dafifi suna kuka kamar a ranar aka yi rasuwar. Ciyawa ce ta ƙone, abokina. Ka tambayi kanka me suke wa kuka.

A nan gida ma, dubi abin da Tarihin Kano ya faɗa game da Tsumburbura a zamanin Barbushe na Dutsen Dala. Wannan abin bauta ne, ba kaka ba, amma ka lura da yadda aka ba da labarin: itace ne aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, jama'a na tsaye a waje da baƙaƙen dabbobinsu suna jiran ya fito ya faɗi abin da shekara za ta zo da shi. Katangar da jiran su ne kwarjinin wurin. Naka ɗakin kowa kutsawa yake yi da takalmi.

Kada ka ji tsoron wai ka rubuta abin da ba ka yi imani da shi ba. Mu addu'a muke yi wa namu, ba ma roƙonsu komai. Mai ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato ya san wannan iyaka. Mutanen littafinka kuwa tasu hanyar daban, ka rubuta su da gaskiya, yadda mai karatu zai ji cewa wani suka rasa.

Ina da shekara goma sha biyu mahaifina ya ɗauke ni a bayan keke zuwa kufan garinmu. Ba abin da ya rage sai tsamiya ɗaya, da tsohuwar rijiya da ta rufta, da ƴan tudun ƙasa. Ya cire takalmi, ya tsuguna, ya cire ƙayar da ta fito a kan wani tudu da hannunsa. Sannan ya jero mini kakanninmu bakwai, kowane da sana'arsa da kirarinsa: wannan marini ne, wancan shi ya haƙa rijiyar, wancan ya tafi fatauci Gwanja bai dawo ba, ba ma kabarinsa a nan. Hankalina yana kan tsamiya. Yau huɗu kawai nake iya kawowa, kuma abin yana cina duk lokacin da na zo yi musu addu'a.

Goggonka ta ƙauye ita kaɗai ta rage a danginmu da ta san bakwai ɗin, ga shi ta fara mantuwa. Ka je ranar Asabar. Ka riƙa mata goro da turare, ka kunna wayar nan taka, ka bar ta ta yi ta magana ko da ta kauce hanya. Ka tambaye ta sunan wanda ya tafi Gwanja, ka kawo mini.