Akwati ɗaya, wasanni uku: ziyararmu Babbar Kasuwar Katsina

Ranar Asabar da hantsi muka sauka daga Keke Napep a bakin Babbar Kasuwar Katsina. Mun ratsa layin 'yan atamfa da na masu kayan miya, muna kauce wa 'yan baro, har muka isa wajen masu gyaran rediyo da talabijin. A wata 'yar rumfa mai ƙaurin dalma muka tarar da abin da ya kawo mu: akwatin katako mai tsayin mutum, da allon talabijin a samansa, da madannai a gaba.

Mai gyaran ya ce wani mai gidan gem ne ya kawo aikin. Shagonsa ƙarami ne, ba zai ɗauki akwati uku ba, shi ya sa yake son a haɗa masa wasanni uku a cikin ɗaya. Da muka leƙa ta baya, sai muka ga fanel uku, wato korayen faranta masu ɗauke da ƙwaƙwalwar kowane wasa, an jera su kamar littattafai a kanta.

Muka ce, "Malam, ta yaya fanel na kamfanoni daban-daban ke shiga soket iri ɗaya?"

Amsar tana Japan. A 1985 ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta ƙasar, JAMMA, ta fitar da tsari guda: baki mai haƙora 56, 28 a kowane gefe. Kowane haƙori da aikinsa. Wasu na kai wuta mai bolt 5, wasu bolt 12, wasu hoto, wasu sauti, sauran kuma na madannai. Kafin nan kowane kamfani da irin haɗinsa, sauya wasa sai an warware wayoyi. A 1990 kamfanin SNK ya fito da Neo Geo, wanda wani samfurinsa ke ɗaukar kaset har 6 a akwati guda.

Allo ɗaya ne, lasifika ɗaya, madannai saiti ɗaya. Don haka Malam ya sa makunni mai zaɓe tsakanin fanel ɗin: idan ɗaya ya samu wuta da hanyar allo, sauran biyun sai su yi shiru. "Samari, ba a sarki biyu a gari ɗaya," in ji shi. Idan biyu suka aika hoto tare, allon zai rikice, wani abu ma ya iya ƙonewa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bai yi saurin kunnawa ba. Ya cire fanel ɗin duka, ya ɗauko mita ya auna wutar kowane haƙori, yana dubawa da zanen da ya yi a bayan kwali. Ya ce idan bolt 12 ya bi hanyar bolt 5, fanel ya tafi nan take, jarin mai shago ya bi shi, shi kuma sunansa ya ɓaci. Ya naɗe kowane haɗi da tef, ya sa fiyus. Ya tuna mana gobarar da ta cinye shaguna da dama a wannan kasuwa a watan Maris na 2021, ya ce tun daga lokacin ba ya barin tsiraicin waya ko ɗaya a rumfarsa.

Bayan la'asar ya kunna. Street Fighter II, wasan da Capcom ya fitar a 1991, ya bayyana. Ya kashe, ya murɗa makunni, ya sake kunnawa, sai ga wasan ƙwallo.

A hanyar komawa muka lura cewa bolt, kewayen lantarki da fiyus duk suna cikin littafin fizik ɗinmu, wanda muke haddacewa don jarrabawa. Biyu daga cikinmu sun roƙi Malam ya karɓe su koyo a dogon hutu. Ya amince, da sharaɗin su zo da izinin iyaye, da littafin rubutu, kuma mako na farko mita kaɗai za su riƙe.