Bargon Jariri Daga Buhun Tela

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ana saura mako guda salla ya san irin ƙyallayen da ke zuba a ƙarƙashin tebur. Atamfa, shadda, yadi, babu launin da babu. Da yamma yaron shago ya share ya ɗura a buhu, wani a ba masu cusa matashin kai, wani kuwa sai bola. To, daga irin wannan buhu nake samun abin da nake ɗinka wa jarirai bargo, kuma bana shekarata huɗu ke nan ina yi duk sa'ad da aka ba mu hutu. Na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu bayaninsa, domin na lura in na ce ina yin bargo sai a zaci saƙa nake nufi.

Ba saƙa ba ce, ɗinki ne, kuma hawa uku gare shi. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye. Akwai ciki, wato shimfiɗar auduga marar kauri. Sa'an nan akwai baya, yadi guda mai laushi. A jera su, a bi su da keke layi layi har su zama abu ɗaya. Ni dai bargon haɗi nake ce masa.

Wata ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta ce ai wannan aikin Turawa ne. Gaskiya ne a Amurka da Ingila aka fi yayata shi. A wani ƙauyen baƙar fata da ake kira Gee's Bend, cikin jihar Alabama, matan wurin, jikokin bayi, sun daɗe suna yanka tsofaffin wandunan aikin gona suna haɗa barguna saboda sanyi, ba don ado ba. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma aka buga hotunan bargunansu a kan sarkin aika wasiƙa na ƙasar. Amma na tambaye ta, ko ta taɓa duban 'yan lifida da kyau ranar hawan salla? Lifidi ai yadi biyu ne aka cusa musu audugar rimi a tsakani aka bi da ɗinki, don kibiya ta rasa hanyar shiga. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi Kano. Ashe kuwa dabarar ta daɗe a gidanmu, doki kawai muka yi wa, muka bar jariri.

Aikin yana farawa da ruwa, ba da almakashi ba. Kowane ƙyalle sai na wanke shi, ja dabam, shuɗi dabam, don wata atamfar tana zuba, auduga kuma takan tsuke in ta sha ruwan farko. Wanda ya haɗa ƙyallaye bai wanke ba, ranar da mai jego ta fara wanke bargon za ta ga fari ya koma ruwan hoda, wani gefe ya tattare. Kuma ba kowane ƙyalle nake ɗauka ba. Leshi da duk wani yadi mai duwatsu ko mai santsi ba na kusantarsu. Na auduga zalla nake tsinta, wanda fatar jariri za ta iya kwana a kai.

Daga nan sai lissafi, kuma nan ne wanda ya raina darasin lissafi a firamare zai gane kurensa. Ina yanka kowane ƙyalle murabba'i, inci 5 kowane gefe. Ɗinki yana cin rubu'in inci ta kowace kusurwa, saboda haka abin da ke bayyana inci 4 da rabi ne. Guda 8 a faɗi, guda 10 a tsawo, ƙyalle 80 ke nan, bargo ya tashi inci 36 da inci 45, daidai shimfiɗar jariri. Rubu'in incin nan kuwa shi ne ran aikin. A jeri guda na faɗi akwai mahaɗa 7. In kowace ta kauce da rabin rubu'i kawai, kafin a kai ƙarshen jeri an yi asarar kusan inci biyu, kusurwoyi su ƙi haɗuwa, abu ya fito kamar gonar da aka yi rikicin iyaka a kanta. Don haka na manna wa keken 'yar takarda a daidai rubu'in inci daga allura, ita nake bi. Kowane jeri kuma in na gama sai in kwantar da bakin ɗinkinsa da dutsen guga, na farko dama, na biyu hagu, don su shige juna in an zo haɗawa.

Keken da nake aiki da shi Butterfly ne na ƙafa, cikin kayan ɗakin mahaifiyata ya zo, kuma ya girme ni. Siffarsa ta tsohon keken Singer ce, kamfanin da mai shi, Isaac Singer, ya yi rajistar kekensa a 1851. Ba ruwansa da ɗaukewar wuta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma yana da hali guda da ya kamata mai ɗinkin hawa uku ya sani. Haƙoran da ke ƙarƙashin allura na ƙasa kawai suke ja, ƙarfen da ke danne yadi kuwa yana riƙe na sama. Kafin a kai ƙarshen layi sai baya ya riga fuska isa, yadi ya naɗe. Kekunan zamani suna da wata ƙafa mai nata haƙoran, tana jan sama daidai da ƙasa. Ni da ba ni da ita, sai in shimfiɗa hawa ukun a kan siminti, in miƙe su sarai, in bi su da dogon ɗinkin hannu na wucin gadi daga tsakiya zuwa gefe. Sa'an nan in sassauta dannewar ƙarfen, in tsawaita takun allura, in fara daga tsakiyar bargo ina fita waje, ina taka keken a hankali kamar mai tafiya da ƙwai a ka. Tsakanin layi da layi ba na barin fiye da faɗin tafin hannu, in ba haka ba audugar ciki za ta dunƙule bayan wanki uku ko huɗu. Ƙarshe a yanka dogon ƙyalle a naɗe bakin duka, a warware ɗinkin wucin gadi. Kwana biyar yake ci mini in ba wani aiki.

Abin da ya fi ɗinkin wuya shi ne kai shi gidan suna. Mu dai mun san yadda ake duban kayan barka: a ɗaga, a juya, a nemi takardar kanti. Ranar da na kai wa matar yayana nata, Goggo ta ɗaga shi a gaban mata ta ce, "Ke 'yar nan, duk karatun naki tsumma za ki kawo wa ɗan yayanki? Kantin Kwari ya ƙone ne?" Aka yi dariya. Na ce, "Goggo, duba nan kusurwar." Ta duba, ta yi shiru, don ragowar atamfar da Inna ta ɗaura ranar ɗaurin auren yayan nawa ce, kuma ita Goggo da kanta ta zaɓo ta. Bayan haka ba ta ƙara cewa tsumma ba, ko da yake ba ta ce ya yi kyau ba.

Wata gardamar kuma har yau ba mu gama ta ba. Duk wadda na ba bargo sai na ce mata kada ta lulluɓe jariri da shi in zai yi barci, sai ya cika shekara. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, daga baya kuma ta ƙara da cewa a kawar da matashi da bargo mai taushi daga makwancinsu, domin ɗan wata biyu ba shi da ƙarfin ture abin da ya rufe masa hanci. Goggo ta ce ta yi renon tara a cikin hunturun da ya fi na yanzu, duk da lulluɓi, babu wanda ya ƙwaru. Na yarda ta yi, amma ni ba zan so abin da hannuna ya ɗinka ya zama sanadi ba. In ana jaura, a ƙara wa yaro riga da safa. Bargon kuwa a shimfiɗa shi a kan tabarma da rana, a ajiye yaro a kai yana wutsil-wutsil, uwarsa na kallo. Ɗan yayan nawa a kansa ya koyi zama, a kansa ya fara rarrafe, kuma akwai wani jan ƙyalle a jeri na uku da ya sha tsotsa har ya koɗe ya bar sauran.