Doki Namu, Linzami Nasu

Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne, amma ba su faɗa mana a kan wa kayan yake sauka ba idan mai ɗaukarsa ya gaji. Mu dai mun gano amsar da kanmu, kuma ba a littafi muka gano ta ba, a bakin hanya muka gano ta, rana na shirin faɗuwa.

Mu 'yan tsirarun marubuta ne daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda suka saba haɗuwa a Funtuwa sau ɗaya a wata domin karanta wa juna abin da kowa ya rubuta. A cikinmu akwai malaman makaranta, akwai tela, akwai mai sayar da magani. Ƙaraminmu shi ne sakatare, shi ne kuma yake zagayawa garuruwan nan yana karɓar rubuce-rubuce, yana raba 'yan littattafan da muka samu ikon bugawa. Haka muke tafiya har ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Kuɗin zagayen sakatare sai ya fi kuɗin littattafan da yake rabawa.

To, a nan ne wani daga cikinmu ya kawo shawarar mu yi karo-karo mu sayi babur mai aiki da batir, tunda ko ba wutar gwamnati akwai masu shagon caji da hasken rana a kowane gari. Muka amince. Mutum biyu suka tafi Kano, suka samu wani dillali mai fara'a da daɗin baki. Ya nuna musu babur ɗin, ya faɗa musu gaskiya cewa gudunsa kaɗan ne, batirinsa kuma ƙarami. Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Malamai, kada wannan ya dame ku. Ai ƙarfin yana ciki, kulle shi aka yi. Nan da wata uku kamfani zai aiko da babban batir, mu buɗe muku ƙwaƙwalwarsa, ku biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba." Ma'ajinmu ya ce, "Alhaji, ko za a rubuta mana?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, tsakanin Musulmi da Musulmi?" Kunya ta kama su, suka biya, suka taho. Ka ji fa, marubuta, masu cin abinci da alƙalami, sun sayi kifi a ruwa ba ko layi ɗaya a takarda.

Wata uku suka zama shida. Duk lokacin da aka buga waya sai a ce kaya suna kan ruwa, ko kuwa dala ta tashi. Ana nan sai zafin bazara ya shigo, batir kuwa ba ya shiri da zafi, domin zafi yana tsufar da shi da wuri. Wata rana sakatarenmu ya taso daga Ƙanƙara da ƙunshin littattafai a baya, bai kai Sheme ba babur ya fara ja da ƙyar, daga nan ya tsaya cik. Duk wanda ya san wannan hanya ya san ba inda mutum zai so magariba ta riske shi ba ne. Haka ya riƙa tura babur har Allah Ya haɗa shi da wani mai a-kori-kura da ya ji tausayinsa. Da labari ya iso mana, ba wanda ya yi maganar kuɗin da muka zuba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, da wani abu ya sami yaron nan, me za mu ce wa mahaifiyarsa? Mu ce muna jiran kaya ne su sauka daga kan ruwa?

Bayan hankali ya kwanta sai muka shiga bincike, kamar yadda ya kamaci masu rubutu, ko mu kaɗai ne aka yi wa irin wannan romon baka. Ashe abin da ya same mu ɗan ƙaramin reshe ne na wata babbar bishiya da ta yi saiwa a ƙasashen da motocin lantarki suka yawaita.

Ga yadda abin yake, ya mai karatu. Motar lantarki ba ta da kafireto, ba ta da fistin. Abin da take da shi shi ne batir, da injin da wuta ke juyawa, da wata na'ura a tsakaninsu wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Ita ce ke yanke yawan wutar da za ta fita daga batir zuwa inji, kuma umarnin da aka rubuta mata take bi. Saboda haka wanda ya rubuta umarnin yana iya rage wa mota ƙarfi ko ya ƙara mata ba tare da ya taɓa ko noti ɗaya ba, yana zaune a ofishinsa, ta hanyar intanet.

Kamfanin Tesla na Amurka shi ya fi shahara da wannan. A watan Satumba na 2017, lokacin da guguwar Irma ta doshi jihar Fulorida mutane suna gudun tsira, kamfanin ya buɗe wa wasu masu motocinsa ƙarin ƙarfin batir na ɗan lokaci. Motocin an sayar da su a matsayin masu batir mai awo 60, alhali batirin da ke cikinsu mai awo 75 ne, an toshe sauran sai wanda ya biya. Jama'a suka yaba, kuma abin yabo ne. Amma mai tunani zai tambaya: ashe duk tsawon lokacin nan mutum yana yawo da abin da yake cikin motarsa amma ba nasa ba? A Disamban 2019 kamfanin ya fito da wani tayi ga masu wani nau'in motar Model 3: ka biya dala 2,000 ta wayarka, motar da take kai gudun mil 60 daga tsaye cikin daƙiƙa 4.4 ta koma yin haka cikin 3.9. A 2022 kamfanin Mercedes ya kawo nasa salon a Amurka, inda ya nemi dala 1,200 a kowace shekara domin ƙarin ƙarfin da tuni yake cikin injin. Wato kamar a sayar maka da doki, sa'an nan a ce sukuwarsa ta haya ce.

Kada mu yi rashin adalci, akwai alkawuran da aka cika. A 2019 ɗin nan Tesla ya ƙara wa motocin Model 3 ƙarfi da kimanin kashi 5 cikin 100 kyauta, masu su suka wayi gari suka tarar mota ta ƙara lafiya. Sai dai akwai babban alkawarin da ya daɗe yana jan ƙafa. A Oktoban 2016 kamfanin ya shelanta cewa duk motar da yake ƙerawa daga lokacin tana da kayan da za su ishe ta tuƙa kanta da kanta, saura umarni kawai da zai biyo baya. Mutane suka biya dubban daloli tun kafin su gani. A 2019 aka ce sai an sauya kwamfutar da ke cikin motocin, aka sauya wa waɗanda suka biya. A Janairun 2025 kuma shugaban kamfanin, Elon Musk, ya amsa da bakinsa cewa ita ma waccan kwamfutar sai an sake sauya ta. Wanda ya fi ban tausayi shi ne labarin kamfanin Fisker, wanda ya sayar da motarsa Ocean da alkawarin gyare-gyare za su riƙa zuwa ta iska, sa'an nan ya karye a watan Yunin 2024. Masu motocin sai da suka kafa ƙungiya ta kansu domin neman kayan gyara da hanyar shiga ƙwaƙwalwar motocin da suka saya da guminsu. Da muka karanta wannan sai dattijonmu na Faskari ya ce, "Ashe Bature ma ana ce masa kaya na kan ruwa."

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Sabuwa da motar Amurka? Da ruwansa, domin abin yana tafe. A ƙarshen 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona, motar lantarki da aka haɗa a Legas. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi suna wajen zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Babura da kekunan A-daidaita-sahu masu batir kuwa sun fara shigowa kasuwanninmu. Tsadar mai za ta tura talaka gare su ko yana so ko ba ya so, kamar yadda ta tura mu.

Amma mu a nan muna da wani darasi da mutumin Fulorida ba shi da shi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka. A Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu guda uku. Watanni muka yi sai mutum ya yi tafiya zuwa wani gari kafin ya gaisa da ɗan'uwansa. To, a ce a lokacin kana da abin hawan da lafiyarsa ta dogara ga saƙon da za a aiko daga wata ƙasa ta iska, ina za ka sa kanka? Wanda ya taɓa ganin an ɗauke iska gaba ɗaya ba zai yarda a rataye masa abin hawansa a jikinta ba.

Iyayenmu ba haka suka san mota ba. Tun da kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, wanda ya sayi 404 ko 504 ya san ya saya ɗungurungum. Idan ta gaji bakanike zai sauke inji, ya sa sabon ringi, ya wanke kafireto, ta koma kamar amarya, ba sai an nemi izinin kowa a Faransa ba. Shi ya sa har yau ake ganin tsofaffinsu suna ɗaukar buhunan masara a hanyar Ɗandume. Ƙarin ƙarfinsu daga hannun mutumin da ka sani yake zuwa, wanda idan ya cuce ka ka san ƙofar gidansa. Irin wannan tunani ne ya sa muke jinjina wa Mustapha Gajibo na Maiduguri, matashin da ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir. Ya nuna cewa ilimin nan bai fi ƙarfin hannunmu ba.

Mu ma a ƙarshe hannun gida ne ya fisshe mu. Da muka koma Kano muka tarar shagon ya koma sayar da fankoki, Alhaji kuma an ce ya yi tafiya. Muka kai babur wurin wani bakanike a Faskari, ya kira abokinsa mai haɗa wutar sola. Suka duba suka ce ƙwaƙwalwar a kulle take, ba su da mabuɗinta, amma za su iya cire ta su sa wata, su kuma ƙara batir na biyu. Sa'an nan bakaniken ya faɗa mana abin da dillali bai faɗa ba. Ya ce, "Malam, ku zaɓi ɗaya. In na sakar masa gudu zai sha wuta, ba zai yi nisa ba, inji kuma zai riƙa zafi. In kuna son nisa ku haƙura da gudu." Muka ce nisa muke so. Ya yi aikinsa, muka biya shi bayan mun gani da idonmu. Babur ɗin yana nan yana aiki, ba ya tsere da kowa, amma yana kai sakatare gida kafin la'asar sakaliya.

To 'yan'uwa marubuta, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ranar da muka zauna muna tsine wa dillali, sai telan cikinmu ya yi gyaran murya ya ce, "Ni fa akwai littafin da na saya tun ina saurayi, na ɗaya da na biyu, har yau ina jiran na uku." Wuri ya yi tsit, domin a cikinmu akwai masu irin wannan bashi. Wa ya manta yadda a shekarun 1990 ake yanka labari gida uku, a tsaya daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya, a ce sai mun haɗu a littafi na gaba? Wasu sun cika, Allah Ya saka musu. Wasu kuwa kuɗin takarda ya gagare su, wasu ma ba su san ƙarshen labarin ba tun farko. Yarinyar da ta tara kuɗin tallanta ta sayi na ɗaya, da me ta bambanta da mu a shagon Alhaji? Ita ma rabin abu aka sayar mata da farashin alkawari.

Saboda haka muka yi wa kanmu ƙa'ida biyu, muna kuma miƙa su ga duk mai sha'awa. Ta farko ta saye ce: abin da na'ura take iya yi a ranar da za ka biya, shi ne abin da ka saya. Duk wani "za a ƙara" ka ɗauke shi kyauta in ya zo, kada ka sa shi cikin lissafi, domin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka tambayi wa ke riƙe da mabuɗin ƙwaƙwalwarta, ka tambayi ko bakaniken garinku zai iya buɗe ta, in kuma an yi maka alkawari ka ce a rubuta, da rana da wata da sa hannu. Jin kunyar neman takarda shi ya kai ɗanmu bakin daji. Ta biyu ta rubutu ce: ba wanda zai ƙara fitar da littafi na ɗaya da sunan zamanmu sai mun ga na ƙarshe a rubuce, ko da da biro ne a littafin makaranta.

Dattijonmu na Faskari shi ya fara bin ƙa'idar. A zaman da ya gabata ya zo da wani tsohon fayil da ya yi shekaru a ƙarƙashin katifa, ya ce ya ƙarasa na ukun da ake binsa. Sakatare ya ɗaure shi a bayan babur ya kai wa mai buga mana rubutu. Allah Ya ba mu ikon sauke kayan da muka ɗauka, Ya kuma zaunar da yankinmu lafiya, amin.