Acropole, Masaukin da Ya Riƙe Amanar Baƙi a Khartoum

Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, duk wanda ya nemi masauki mai tarihi a Khartoum, titin Zubeir Pasha ake nuna masa, inda otal ɗin Acropole yake. A nan na sauka, kuma na ga karamcin da har yau nake ba da labarinsa.

Yaƙi ne ma asalin gidan. Panagiotis Pagoulatos ya baro tsibirin Kefaloniya na ƙasar Girka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya biyo ta Masar, ya zauna a Sudan. A 1952 ya buɗe masaukin da ɗakuna 10. Da ya rasu a 1967, 'ya'yansa uku, Thanasis da George da Makis, suka ci gaba da riƙo.

Lokacin da na sauka, ginin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Fanka ce ke juyawa a sama, bango kuma cike da hotuna da wasiƙun godiya daga 'yan jarida, masu tonon kayan tarihi, da ma'aikatan agajin da suka mai da wurin sansaninsu a yunwar 1984. Takardar izinin tafiya da kan cinye wa baƙo kwanaki, a wancan lokacin ka miƙa wa masu otal ɗin fasfo kawai, su ƙarasa maka. Daga masaukin, ranar Juma'a da la'asar na haye Omdurman, na tsaya a hubbaren Shehu Hamad al-Nil ina kallon zikirin 'yan Ƙadiriyya cikin korayen riguna masu faci, ƙamshin turare ya cika fili.

Gidan ya sha jarrabawa. Ranar 15 ga Mayun 1988 aka jefa bam a ɗakin cin abincinsa, mutane suka mutu, amma masu shi ba su gudu ba, suka sake buɗewa. Sai yaƙin 2023 ne ya tilasta musu ficewa, aka rufe ƙofar da ta yi shekara 71 a buɗe.

Abin da ya raya Acropole shi ne riƙon amana, ba tubali ba. Ina roƙon mahukuntan Sudan, idan sun zo sake gina birnin, su sa wannan masauki cikin abubuwan tarihin da za a fara cetowa.