Tiyo biyu da ba a haɗawa a tsohuwar 504

Mu da muke riƙe da tsofaffin Peugeot 504 a nan Legas, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna, mun daɗe muna ganin wani aiki a gareji da ya kamata mu yi magana a kai. Makanike zai buɗe bonet, ya ga tiyo biyu suna lilo, ɗaya daga wajen murfin baƙin mai, ɗaya daga tankin fetur. Sai ya haɗa su da juna, ko ya cusa tsohon fulogi ya toshe, ya ce an gama.

Tiyon farko numfashin inji ne. Duk lokacin da fetur ya ƙone a kan fistin, wani hayaƙi yana silalewa ta gefen zoben fistin ya gangara inda baƙin mai yake, ɗauke da danshi da fetur da bai ƙone ba. Inji ya tsufa, hayaƙin ya ƙaru. Idan aka toshe masa hanya, sai ya nemi mafita da ƙarfi, ya tura mai ta gasket da sil. Wannan ɗigon da muke gani a ƙasa da safe, sau da yawa daga nan ne. Danshin da ya rasa hanya kuma shi ke mayar da baƙin mai kamar kunu.

Motocin da can suna zubar da hayaƙin a titi ne ta wani bututu. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara mayar da shi cikin inji ya sake ƙonewa a motocin 1961, daga baya sauran duniya suka bi. Don haka inda wannan tiyo ya nufa shi ne matatar iska, tare da ƙaramin reshe mai matsattsen rami zuwa manifol. Ramin nan kada a faɗaɗa shi. In ya yi faɗi, iska ta yi wa fetur yawa, mota ta ƙi zama a silo, a yi ta juya kafireta a banza.

Na tanki aikinsa daban. Yana barin iska ta shiga yayin da fetur ke raguwa, tururi kuma ya fita in rana ta yi zafi. A haɗa shi da numfashin inji, tururin fetur ya shiga baƙin mai ya tsinka shi, ƙarafa su fara cin juna. In kuwa zuƙar manifol ta kai ga tanki, tana iya lotsa shi, ko ta hana fetur zuwa mota ta mutu a tsakiyar go-slow. Ba ma maganar gobara.

Motocin da aka yi wa Amurka daga 1971 suna da gwangwanin gawayi mai tsotse tururin. In taku tana da shi, tiyon tanki can zai je. In babu, a bar shi yadda kamfani ya fitar da shi, nesa da salansa, kuma a sa tiyo mai jure fetur, ba na ruwa ba.