Hanya a Buɗe, Suna Ya Ɓace

"Babu netwok" jimla ce da muke tara cututtuka iri-iri a ƙarƙashinta, kamar yadda ake kiran duk zafin jiki da maleriya. Akwai guda a cikinsu da ta fi ba ni sha'awa, saboda tana kamawa ne a lokacin da komai ke nuna lafiya: fitilun rauta suna ci, data ba ta ƙare ba, amma burauza ta ce ba ta san shafin da ka nema ba.

Kwamfuta lamba take bi, ba ta san suna ba. Duk sunan da ka rubuta sai an mayar da shi adireshin lamba kafin a yi tafiya, kuma tsarin da ke wannan aiki shi ake kira DNS. Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983. Kafin nan, sunayen duk kwamfutocin da ke kan ARPANET suna cikin fayil guda ne da ake kwafa daga wata cibiyar bincike a Kalifoniya, har yawansu ya fi ƙarfin fayil ɗin. Idan wannan tsari ya yi shiru, hanya tana nan amma ba mai nuna gida. Hakan ya faru da Facebook ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da kuskure a saitin hanyoyinsa ya sa aka kasa kaiwa ga uwayen garken da ke amsa sunansa, ya ɓace kusan sa'o'i shida tare da WhatsApp da Instagram.

A ƙaramin ɗakin labaran da nake aiki, akwati ɗaya ne mai girman littafi yake rarraba intanet, yake tsaron ƙofa a matsayin katangar tsaro, kuma yake karɓar tambayoyin suna a madadin kowa. Mai aiki uku irin wannan, idan ya gaza, ba ya faɗin wanne ne ya gagare shi. Abin da na koya daga mai gyaranmu shi ne a yi tambayoyi bi da bi, kada a fara da kashewa da kunnawa, domin hakan kan share shaidar da ake nema.

Tambayar farko: hanya tana nan? Ka aika ping zuwa 8.8.8.8, lambar da Google ya buɗe wa jama'a a Disambar 2009. In an amsa, ka wanke kamfanin sadarwa daga zargi na farko. Sai ka nemi suna da nslookup, ka duba wa kwamfutarka take tambaya. Sau da yawa rauta ce ta raba wa na'urori adireshin wata uwar garke da ta daina aiki tun da aka canza layi. Daga nan ka maimaita tambayar kai tsaye ga 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. In waɗannan sun amsa amma rauta ta yi gum, laifin yana cikin gida.

Cikin gidan ma hawa-hawa ne. Tambayoyin suna ta ƙofa mai lamba 53 suke bi, kuma mai son tsaurara tsaro yakan rubuta ƙa'idar da ta bar na'urori su wuce waje amma ta hana su magana da rautar kanta, wato ya kulle ofishin tambaya a fuskar mutanen gida. Wani kuma yakan buɗe ƙofar ga UDP kaɗai ya manta da TCP. A tsarin asali, amsar UDP ba ta wuce bayit 512. In amsa ta yi girma sai a sake tambaya ta TCP. Sakamakon yana da ban haushi: shafuka tara su buɗe, na goma ya ƙi, kowa ya ɗora wa shafin laifi.

Amma abin da ya fi dacewa da halinmu shi ne batun agogo. Yawancin ƙananan rautoci ba su da batirin riƙe lokaci. In aka ɗauke wuta, ko aka yi jinkiri wajen tayar da janareta, sukan farka da tsohon kwanan wata, wasu ma har 1970. Idan an kunna DNSSEC, wato tsarin da ke tantance sa hannun da ke kan amsoshi, kowane sa hannu yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka rautar da ke zaton tana shekarun baya za ta ƙi amsar da take daidai. Domin ta gyara agogonta, sai ta tuntuɓi uwar garken lokaci, wadda aka rubuta mata da suna, irin su pool.ntp.org. Suna ba ya samuwa sai da lokaci, lokaci ba ya samuwa sai da suna. Haka muka wayi gari wata Litinin da labari a hannu da editan da ke jiran sa, har sai da mai gyara ya leƙa shafin saiti ya ga shekarar da akwatin yake ciki.

Ba na ganin hikima a kashe DNSSEC saboda wannan, ko da yake shi ne abin da mai gaggawa zai yi. Tsarin yana hana a karkatar da kai zuwa shafin bogi, kuma ɗan jarida ya fi kowa bukatar hakan. Maganin ya fi haka sauƙi. A ba rauta aƙalla uwar garken lokaci guda da lambarta maimakon suna, ko a kunna zaɓin da manhajar dnsmasq ke da shi na jinkirta duba lokaci har agogo ya daidaita. Mu dai mun yi na farkon, muka kuma haɗa rautar da ƙaramin batirin da ke riƙe ta tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta.