Zaren Araha da Gumin Mai Ɗinkin Hula

Wanda ya kwana biyu a duniya, ya kuma daɗe yana kallon yadda ake ciniki tsakanin Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano, ya san halin mai sana'a idan aljihu ya yi zafi: abin da ya fi ƙanƙanta a cikin kayan aikinsa shi yake fara yi wa ƙwauro. Ga masu ɗinkin hula da masu aikin babbar riga, abin nan shi ne zare. Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nema wa kanta daraja, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya hau, zaren ado kuwa yawancinsa baƙo ne. Sai ka ga mai ɗinki ta tsaya gaban mai shago, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta taya wancan aka ce albarka, daga ƙarshe ta koma ga wanda aka ce mata ai duk ɗaya ne, sunan kawai ya bambanta. Ban ga laifinta ba a kan neman sauƙi, amma ina ganin ta neme shi a inda ba ya nan. Tattalin kuɗin zare yana cikin yadda ake sayensa, da lokacin da ake sayensa, da yadda ake yanka shi, kuma rage ingancinsa shi ne hanya mafi tsada a cikin duk hanyoyin da ke gabanta.

A yi lissafin hula guda. Kafin ta hau kan mutum sai ta bi hannun wanda ya yanka yadin, da mai zanen da ya fitar da adon, da mai ɗinkin da za ta bi zanen nan huda bayan huda, da wanda zai haɗa kai da jiki, sannan mai wanki. A duk waɗannan, wadda ta fi zuba rayuwarta ita ce mai allura. Hular da aka cika wa aiki tana cin makonni, ana yinta tsakanin girki da raino, da hantsi a tsakar gida ko da dare a hasken fitila, ido na ƙaiƙayi, wuya na sagewa. Kuɗin zaren da ya shiga hular nan, ko na kirki ne, bai kama ƙafar kuɗin waɗannan kwanaki ba. To ga abin da ke faruwa idan zaren mai zuba ne: ranar da hular ta je wurin mai wanki, ya tsoma ta a ruwan sabulu ya goga mata buroshi, sai ja ya malalo cikin fari, baƙi ya dusashe ya koma ruwan toka, ado ya haɗe da ado. Ba sitacin da zai rufe wannan, ba guga. An rage 'yan kuɗi kaɗan a Kwari, an zubar da aikin wata guda a bahon wanki. Abin da magabata ke nufi ke nan da suka ce araha ba ta ado, kuma ban san sana'ar da maganar ta fi dacewa da ita kamar wannan ba, tunda ita sana'ar adon ce gaba ɗayanta.

Iyayenmu sun san haka tun kafin a san Kwari. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da birnin da tufafinsa ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, kuma masu aikin riga na wancan zamani ba su kasance masu dukiya fiye da na yau ba. Duk da haka suna neman zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji, a dafa shi da toka, a kaɗa shi da mazari da hannu. Suna sayen alharini da ayari ya ratso Sahara da shi a bayan raƙumi. Sun san cewa wanda zai zauna ya fitar da aska takwas da tambari a gaban riga, har a kai ta wurin masu bugu su lakaɗa mata duka ta yi ƙyalli, ba zai ɗora wannan wahala a kan zaren da ba zai jure ba. Shi ya sa uba ke barin riga ɗa ya gada, kuma har yau akwai irin waɗannan riguna a gidajen tarihi na Turai da adonsu a tsaye. Abin da ya canza shi ne, a da mai ɗinki ya san wadda ta kaɗa zaren da wanda ya rina shi. Yanzu kuwa, da masaƙun Kaduna da na Kano suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ba shi da shaida sai takardar da aka naɗe zaren da ita.

A nan wani zai ce, ai tsada ba ita ce inganci ba, kasuwa cike take da jabu, sau nawa aka biya kuɗin na asali aka tafi gida da na bogi? Wannan gaskiya ce, kuma ina ƙara masa da cewa akwai zare mai sauƙin kuɗi da ba ya zuba, ba kuma duk wanda ya zo daga Sin ko Indiya ne na banza ba. Ban ce a bi suna ido rufe ba, na ce a gwada, kuma gwajin bai kai kuɗin kati ba. A sayi ƙwaya ɗaya tukuna. A yanki ɗan guntu, a jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, a matse shi cikin farin ƙyalle, a bar shi ya ɗan jima. Idan ya bar shaida a ƙyallen, zai bar ta a hula. A fara da ja da baƙi da shuɗi mai duhu, su ne suka fi tona asiri. A kuma kusantar da bakin zaren ga ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, irinsa ne guga mai zafi ke lalatawa. Akwai kuma mai sheƙin nan da ake kira siliki alhali ba siliki ba ne, wanda ƙarfinsa ke raguwa idan ya jiƙe, don haka bai dace da abin da zai sha buroshi duk Juma'a ba. Wadda ta yi wannan gwaji sau ɗaya ta riƙe sunan zaren da shagon da ta saya, ta huta da caca.

Sauƙin na gaskiya yana farawa daga bakin almakashi. Yawancin masu koyo suna zura zare mai tsawo don kada su yi ta sake zurawa, ba su san cewa duk hudar da allura ta yi zaren yana gogar yadi ba. Kafin a kai rabinsa ya yi gashi, ya ƙulle, a yanke a yar. Kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, ya isa. Allurar da kafarta ta yi wa zaren kaɗan ita ma tana cinsa. Zaren da kamfanin DMC na Faransa ya yi suna da shi, wanda matan Turai ke ɗinkin giciye da shi a kan yadi mai gida-gida, tsawonsa mita 8 ne kuma sili shida ne a haɗe, ana warware shi a ɗauki biyu ko uku gwargwadon aiki. Wanda ya zura shi yadda ya zo ya cinye rabon hula biyu ko uku a hula ɗaya. Guntayen da suka rage kada a share su da shara, a naɗe su a ɗan kwali launi-launi, domin akwai ƙananan ado a bakin hula da ba sa bukatar fiye da taƙi guda. A kuma raba zare da rana da laima. Wanda ya ga yadda ruwan sama ya shiga shagunan Kwari a daminar 2022 ya san abin da danshi ke yi wa kayan yadi, kuma abin da ya faru a babban shago yana faruwa a ƙarƙashin gado. Sai abu ɗaya da ake yawan mantawa: launin da zai mamaye aikin a saye shi gaba ɗaya a rana ɗaya, don ko lamba ɗaya ce, rinin wannan zuwa da na wancan zuwa sukan ɗan saɓa, kuma a rana ido yana kamawa.

To, in ji mai musu, duk wannan maganar mai jari ce. Matar da ke cikin gida a Fagge ko Kurna, wadda sai ta sayar da hula take sayen zaren ta gaba, ina ta ga kuɗin sari? Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba na raina ta. Talaka kullum shi ke saye da tsada, domin yana saye kaɗan-kaɗan, ta hannun yaro, a shagon unguwa, kuma a lokacin da kowa ke nema. Amma matan nan su ne suka riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da banki ya koya musu ba. Idan mata goma na layi ɗaya za su iya zubin kayan ɗaki, za su iya zubin zare: a tara, a ba amintacciya ɗaya ta shiga Kwari ko Ƙofar Wambai ta sari kwali, a raba, kuɗin mota ɗaya maimakon goma. A kuma yi sarin bayan Sallah, lokacin da kasuwa ta lafa, kada a bari sai azumi ya kama teloli sun yi wa shaguna tsinke. Akwai riba ta biyu a ciki wadda ta fi ta farashi. Wadda dillali ke kawo wa yadi da zare ladan hannu kawai take karɓa, shi ke yanka mata yadda ya ga dama. Wadda zaren nata ne, hular tata ce, da bakinta za ta faɗi kuɗinta.

Saura masu cewa mai saye na yau bai damu ba, hular inji ta cika gari, araha yake nema. Haka ne, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa mai aikin hannu ba za ta shiga tseren araha ba, don inji zai riga ta ko da zaren kyauta take samu. Wanda ya tsallake tarin hulunan inji a Kasuwar Kurmi ya nemi zanna ko damanga ta hannu, ya biya ninkin kuɗi, ƙarko yake saya, yana so ya kai ta wanki sau ashirin ta dawo kamar jiya aka cire ta daga leda. Ranar da ta zuba masa, ba zai tambayi sunan zaren ba, cewa zai yi aikin hannu ya lalace, ya koma wa inji, kuma duk masu allura ne suka yi asarar mutum guda.

Ku kuma 'yan'uwana masu shagunan zare a Kwari da Sabon Gari, kun fi kowa sanin wanda ke zuba da wanda ba ya zuba, tun daga kwalin da kuka buɗe. Ku ajiye kowanne da farashinsa, ku faɗa wa mai saye gaskiya, ku bar ta ta zaɓa da saninta. Idan yarinya ta zo da kuɗin uwarta a ƙulle a bakin mayafi ta ce a ba ta ja na hula, ku ba ta wanda za ku yarda a ɗinka hular da za ku sa ranar Idi da shi.